Bazarar da Ba Damina a Bayanta

Baƙon Jidda: Salamu alaikum. Watana biyar a ƙasar nan. Ga abin da ranar jiya ta matso daga bakina, a gyara mini, kada a ji nauyina.

Jidda ta dafa ni ba tukunya,
Gumi na zuba a tsakar hanya,
Na tuɓe hula babu kunya,
Kwalta na tururi da rana.

Zafi ne mai tsananin zafi,
Ya raba ɗan saurayi da ƙarfi,
Amma na san dai zai tafi,
Hadari na tafe da damina.

Kawu na Jarwal: Wa alaikumus salam. Tunda ka ce a gyara, to bismilla.

Ɗana, tukunyarka ta dahu sarai,
Baitin farko daram ya zauna.
Na biyun ne ka yi wa gaggawa,
"Zafi mai zafi", ina magana?
Wanda ya taka kwalta ba takalmi,
Ba sai an ce masa akwai ƙuna.
Hadarin nan da ka hango gabas,
Can gida ka baro shi tare da gona.
Nan bazara ba ta da alkawari,
Ba ta riƙe da hannun damina.
Shekara talatin ina Makka,
Ruwan Yuli bai jiƙa rawanina.

A gida in zafi ya kai maƙura sai tsofaffi su ce ruwa ya kusa, a fara gyaran fartanya. Nan ɗan ruwan da ake samu da sanyi yake zuwa. Ambaliyar da ta ci Jidda a 2009 ma a Nuwamba ta sauka. Abin da mutanen ƙasar nan ke jira tauraro ne, Suhailu, wanda suke lissafin fitowarsa wajen 24 ga Agusta. Shi ma dare kawai yake ɗan sassautawa.

Yaya ta Madina:

Kawu, a sassauta wa baƙo,
Hadarin nan ai shi ne saƙo,
Kewar gida ce tun da farko,
Mu ma haka muka yi a Madina.

Zafin nan namu ba ya gumi,
Samum ke busa kamar daga rami,
Na shanya wanki na jawo turmi,
Kan in daka, ya bushe, zanena.

Ni ɗangon damina ne ma ya fi taɓa ni, ƙanena. Shekarata ta farko, duk la'asar sai na leƙa sama ina neman gajimare, sai dai in ga lemomin nan 250 na harabar Masallacin Annabi (SAW) a buɗe. Amma "zafi mai tsananin zafi" kam, gaskiyar Kawu ce, cire shi.

Kawu na Jarwal: 'Yata, kin haɗa "farko" da "baƙo". Kunne ya yafe, amma ka daban, ƙa daban. Turmin dai ya biya bashin.

Na Ɗa'if:

Ina jin ku daga kan dutse,
Rumman ya nuna, inabi a matse,
Fanka tun jiya take a katse,
Ban kula ba, na sha kwana.

Yaya ta Madina: Kai da ke zaune inda mutanen Makka ke gudowa su sha iska, wa ya gayyato ka? Amsa-amonka ya yi, sai dai ba ka da hurumi a wannan zama. Aiko mana rumman mu yafe.

Mai Tura Keken Alhazai: A ba ni wuri, iyayena da yayyena. Ban iya ƙirga gaɓa ba, abin da na gani kawai zan faɗa. Hajjin 2024 ina Mina. Ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma hukuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301, akasarinsu waɗanda suka shigo ba da takardar izinin hajji ba, ba tanti ba mota.

Na tura tsohuwa zuwa jifa,
Kankara ta narke a cikin gorana.
Ta ce ɗana, tsaya nan inuwa,
Na duba gabas da yamma, sai rana.
Na zuba mata ruwa a bisa kai,
Ya bushe tun ba mu bar Mina.
Ta kai, ta jefa, ta sa mini albarka,
Wasu kam can suka yi kwana.

Kawu na Jarwal: Allah ya jiƙansu, ya karɓi hajjinsu. Wannan ba zan taɓa masa ko wasali ba. Baƙo, duba da kyau: baiti huɗu, bai ambaci zafi ko sau ɗaya ba.

Baƙon Jidda: Amin. Na gani, Kawu. Yanzu ma muna cikin hutun tsakar rana ne, tunda daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a fili daga sha biyu zuwa uku. A gindin katanga na sake baitin:

Kawu, na goge, na kama baki,
Ruwan wanka ya tafasa a tanki,
Hadarina na aje a ɗaki,
Ina Suhailu? Ku zo ku nuna.

Yaya ta Madina: Ka ga, bai jefar da hadarin ba, ajiye shi ya yi. Na ci rabin shari'a.

Kawu na Jarwal: Kin ci. Ɗana, in lokacin ya yi, ka fita bayan gari inda fitilu ba su da yawa, ka dubi kudu can ƙasa-ƙasa kafin asuba. Sannan ɗango na biyu ya fi 'yan'uwansa da gaɓa ɗaya. Mai da "ya tafasa" ya koma "ya dahu", ka rera ka ji.