Wai mi ke damun manyan 'yan kwallo ne?

Dan Mabera:
Jama'a don Allah ku hwaɗa mani, mutum ga kuɗi ga suna amma sai ka ji 'yan sanda sun kama shi. Ronaldinho fa da kanshi anka tsare a Faraguwai 2020 kan fasfo na jabu, wata guda yana gidan yari. Mi ya rasa?

Barca_Gidan Igwai:
Kuɗi tun suna yara kuma ba mai kwaɓa masu, duk wanda ke kewaye da su ci yake, wa zai ce bari? Ko cikin fili haka, Suarez ya ciji Chiellini a kofin duniya 2014 FIFA ta dakatar da shi wata huɗu, kuma wannan cizo na ukku ke nan fa.

Malam Na Runji:
Ku dai bari. Zidane da kowa ke ganin kamilin mutum ya sa ma Materazzi na Italiya kai a ƙirji, wasan ƙarshe na kofin duniya 2006, jan kati.

Dan Mabera:
Malam shi wannan tsokanar shi anka yi, 'yar uwarshi Materazzi ya zaga.

Barca_Gidan Igwai:
To sai ya bari a tashi wasa mana, Italiya dai ta tafi da kofi.