Ƙarar ƙafar gaban mota: abin da kowannenmu ya gani

Mai Corolla, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata Corolla ce ƙirar 2006, kuma tun farkon damina nake jin wata ƙara, ƙwas-ƙwas, daga ƙafar gaba ta hagu. A kan kwalta mai kyau ba ta fitowa ko da ina gudu, sai na shiga layinmu inda ruwa ya zaizaye hanya ya bar gargada, nan take za ta fara kamar ana buga ƙarfe biyu a hankali. Na kai gareji, bakanike ya danna gaban motar sau biyu ya ce shokaziba ne, na sayo biyu aka sa, amma ban isa gida ba ƙarar ta dawo. Da motar nan nake kai yara makaranta, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya taimaka mini da abin da ya gani.

Direban haya, Kano zuwa Katsina

Wa alaikumus salam, Malam. Yadda ka siffanta ta, na fi zargin linkej, ɗan siririn ƙarfen nan da ke haɗa sitabilaiza, wato sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana, da jikin shokaziba. Na yi wata biyu ina jin haka a Golf ɗina, musamman idan taya ɗaya ce ta faɗa rami ɗayar tana kan tudu. Wani tsohon bakanike ya kwance linkej na gefe biyu, ya ɗaure sandar da waya, ya ce mu zagaya unguwa a hankali. Ko ƙas ba mu ji ba, a nan muka tabbatar. Amma gwaji ne kawai, ba a hawa babban titi a haka, domin motar za ta riƙa kwanciya a kwana.

Mai Accord, Kaduna

Ɗan'uwa, kafin komai ina roƙonka ka sa a duba maka boljoyin, mahaɗar nan da ke riƙe ƙafar taya tana ba ta damar juyawa. Tawa Accord ce ta 2004. Ta fara da wani kuka kamar na tsohon ƙyaure duk lokacin da na juya sitiyari ko na hau tudun rage gudu, aka fesa mata mai, kukan ya lafa, ni kuma na ɗauka an gama. Bayan mako uku, ina fitowa daga kasuwa da ƙanwata a gefe, ina karya kwana cikin tafiyar da ba ta fi ta mai keke ba, sai gaban motar ya zube ƙasa, tayar dama ta karkace ta shige cikin jikin motar, shaf ɗin da ke kai ƙarfin inji ga taya ma ya fizgo. Har yau idan na tuna cewa washegari muka yi niyyar kama hanyar Abuja, sai jikina ya yi sanyi. Da aka ciro boljoyin ɗin, robarsa ta daɗe da yagewa, babu giris a ciki ko ɗigo, sai yashi da tsatsa.

Bakanike, Kano

Hajiya, Allah ya ƙara kiyayewa. Abin da ya same ki yana da dalili. A irin Accord ɗinki shokaziba a kan lowa'am yake zaune, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota, don haka nauyin gaban mota yana bi ta boljoyin na ƙasa, idan ya ci kuwa ficewa yake yi gaba ɗaya. Saboda haka idan za a gwada shi sai an sa jak a ƙarƙashin lowa'am ɗin; in aka ɗaga motar ta jiki, sifirin zai matse shi, a girgiza a ji ƙam alhali ya lalace. Corolla ba haka aka gina ta ba, ita ta jiki ake ɗagawa taya ta yi lilo.

Shekara goma sha takwas ke nan ina wannan sana'a, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne a sa mutum sayen kaya kafin a tambaye shi yaushe ƙarar ke zuwa. Ni sai na shiga motar tare da mai ita mun bi hanyar da yake jin ta. Daga nan in ɗaga ta, in kafa ta a kan abin tokare mai ƙarfi, domin ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. In kama taya sama da ƙasa in girgiza. In akwai wasa, boljoyin ne ko boris. In kama ta hagu da dama; in ta yi wasa, sai yaro ya ci gaba da girgizawa ni kuma in ɗora hannu a kan tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, na waje da na ciki, har in ji inda bugun yake. Bushin lowa'am, wato robar da ke mahaɗarsa da jikin mota, da ƙarfe nake ɗan banƙararsa in ga ko robar ta tsage, kuma shi yawanci lokacin taka birki ko tashi yake bugawa, dum, sau ɗaya. In kuma mota tana tsaye aka juya sitiyari aka ji ƙas-ƙas daga sama, to a riƙe sifirin da hannu. Idan yana zabura, boris ɗin kan shokaziba ne.

Abu biyu ake yawan mantawa. Ba a ƙarasa ɗaure notin bushin sai mota ta sauka nauyinta ya zauna, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Sannan duk wanda aka taɓa masa tayarod ya wuce a saita masa alaimen, ko tayarsa ta cinye ta gefe ɗaya.

Ɗan kasuwa, Maraɗi

Tawa ba bugu ba ce, gurnani ne da ke ƙaruwa da gudu, na fara jinsa a hanyar Jibiya. Na canja taya biyu a banza. Daga baya na lura cewa idan na ɗan karkata hagu gurnanin yana ƙaruwa, in na karkata dama ya ragu, ashe nauyi ne ke komawa kan boris na dama wanda ya ci. Da aka ɗaga aka juya tayar, hannu a kan sifirin, ana jin gurzar sarai.

Malamin makaranta, Bauchi

Na ƙara da na shaf. Idan ka karya sitiyari har ƙarshe ka ba da wuta ka ji ƙat-ƙat-ƙat a jere, kan shaf na waje ne, kuma za ka tarar da baƙin giris ya fantsama a cikin wili. Da na canja robar tun ranar da na ga ta tsage, da ban sayi kan ba. Kukan da ke tashi tare da juya sitiyari kuma, a fara duba mansa, kuma mai Honda kada ya yarda a zuba masa man giya irin wanda ake sa wa Toyota, nasu daban ne.

Mai Corolla, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na koma wani gareji, na nemi bakaniken ya shiga mu bi layinmu, ya kuwa ji da kunnensa. Boljoyin da tayarod lafiyarsu ƙalau, Hajiya, na tsaya a kansu sai da aka gwada a gabana. Linkej na hagu ne, da yatsa biyu ma yana kaɗawa, robar da ke riƙe sandar sitabilaiza ita ma ta buɗe. An canja na gefe biyu, kuɗin bai kai rabin na shokaziba ɗaya ba. Yau da safe na bi gargadar da yara a baya, ban ji komai ba. Tsofaffin shokaziban suna nan a but, bakaniken ya duba su ya ce babu wanda ke yoyo, in ajiye su.