Shawarwari kan kwatanta DAC da haɗin USB

Abin da masana suka fi nanatawa shi ne, kafin ka kwatanta DAC biyu (DAC ita ce na'urar da ke mayar da sautin dijital na kwamfuta zuwa siginar da lasifika ke bugawa), daidaita ƙarfin sautinsu da na'urar auna wuta, kada tazarar ta wuce 0.1 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), domin kunne yakan fifita wanda ya fi ƙara. Sannan wani ya riƙa sauya maka su ba ka gani.

Wayar USB mai tsada ba ta ƙara daɗin sauti. Ta dai zama lafiyayya, ƙasa da mita 5. Ainihin matsalar ita ce hayaniyar wutar kwamfuta da ke bin wayar, har ka ji tsuwwa in ka motsa linzamin kwamfuta. Maganinta na'urar da ke raba wutar kwamfuta da ta DAC (USB isolator), ko wayar haske ta TOSLINK. In sauti yana ƙas-ƙas kuwa, ƙara girman bafa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke tara sauti a ciki kafin ta tura shi.