Shin VPN na rage jinkiri a wasannin intanet, ko kuwa ɓarnar data ce kawai?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Kano, kuma kusan shekara biyu ke nan ina buga Call of Duty Mobile da PUBG Mobile a wayata tare da abokaina uku, yawanci bayan sallar isha'i. Abin da ke damuna shi ne lambar nan da ke gefen allo, wadda 'yan wasa ke kira ping, ba ta cika sauka ƙasa da 140 ba, kuma da ƙarfe tara na dare ta yi sai ta riƙa tsalle zuwa 250 ko fiye, ta koma ja. Sau da yawa nakan ga na riga abokin karawa harbi, har na shige bayan bango, amma sai a ce ni aka kashe, abin da ke sa rukuninmu asarar wasan da muka kusa ci.

Wani abokina ya dage cewa maganin abin shi ne VPN, wato manhajar da ke ɓoye saƙon mutum ta bi da shi ta wata hanya daban, domin tun lokacin da aka dakatar da Twitter a Nijeriya a watan Yunin 2021 ya saba da ita, kuma a ganinsa babu matsalar intanet da ba ta warwarewa. Na gwada wata ta kyauta, daren farko na ga kamar an samu sauƙi, washegari kuwa abin ya fi da muni. Kafin in fara biyan kuɗin wata-wata, ina roƙon waɗanda suka san harkar su yi mini bayani: da gaske tana taimakawa?

Injiniyan Sadarwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Amsar a taƙaice ita ce a mafi yawan lokuta VPN ƙara jinkiri take yi, ba ragewa ba, kuma zan so ka fahimci dalili domin kada wani talla ya ruɗe ka nan gaba.

Lambar da kake gani tana auna lokacin da saƙo ke ɗauka daga wayarka zuwa sabar wasan (babbar kwamfutar kamfani da ke tafiyar da wasan) ya dawo, a ma'aunin milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin wayar gilashi ta faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, ke nan kowane kilomita 100 na nisa yana cin milisakan ɗaya idan aka haɗa zuwa da dawowa. Yanzu sai mu yi lissafi a kan sabar da ke Turai. Daga Kano zuwa Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku ke fitowa tudu, akwai kusan kilomita 1,000, milisakan 10 ke nan. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal ya kai kusan kilomita 7,000, milisakan 70 ke nan. Daga Fotugal zuwa Frankfurt a Jamus, inda kamfanonin wasanni da dama ke ajiye sabarsu, sai ka ƙara kusan 20. Tun ba a zo maganar tazarar da ke tsakanin wayarka da turken sabis ba, wadda a 4G kan ci wasu gomomin milisakan, ka riga ka kai 100. Saboda haka 140 ɗin da kake gani ba alamar lalacewa ba ce, nisan ƙasa ne, kuma babu manhajar da za ta matso da Jamus kusa da Kano.

Abin da VPN ke yi shi ne ta lulluɓe saƙonka da sirri, ta kai shi sabarta tukuna, daga can a warware shi a miƙa wa sabar wasan. Zango ne aka ƙara a kan hanya. Idan sabar VPN ɗin tana kan hanyar da saƙon zai bi dama, ƙarin kaɗan ne; idan kuwa ka zaɓi Amurka alhali wasan yana Turai, saƙonka zai tsallaka Tekun Atilantika ya dawo a kowane harbi.

Tsallen da lambar ke yi da dare wata matsala ce daban, kuma ita ce ta fi cutar da wasanka. A lokacin nan ne duk unguwa ke kan waya, masu kallon bidiyo da masu kiran 'yan'uwa, dukkansu suna rabon turken sabis guda, sai saƙonni su yi layi, wasu ma su zube a hanya. Wannan cunkoson yana faruwa ne tsakaninka da turken, kafin saƙon ya isa kowace sabar VPN, don haka ba ta da yadda za ta yi da shi. A wurina gara 150 da ke tsaye wuri guda da 90 mai hawa da sauka, domin hannu yakan saba da jinkirin da ba ya canzawa.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Malam Injiniya ya faɗi gaskiya a kan lissafin nisa, sai dai da izininsa zan ƙara wani abu da na gani da idona. Hanyar da kamfanin layi ke bi da saƙo ba kullum ce mafi kusa ba, sau da yawa ita ce mafi araha a wurinsa, gwargwadon yarjejeniyar da ya ƙulla da manyan dillalan intanet. Mu a Nijar ba mu da gaɓar teku, saƙonmu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta irin su Benin kafin ya shiga ruwa, don haka mun san zafin kewaye. Akwai lokacin da na bibiyi hanyar da saƙona ke bi zuwa wata saba da ke Afirka ta Kudu, sai na tarar yana fara haurawa Turai kafin ya gangaro kudu. A irin wannan yanayi, VPN mai saba a wurin da ya dace takan tilasta wa saƙon bin wata hanya, kuma ni na samu ragin da nake iya ji a yatsuna.

Haka kuma a watan Maris na 2024, sa'ad da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, kamfanoni sun karkatar da saƙonni ta hanyoyin da suka rage, wasu hanyoyin suka cika maƙil, wasu kuma da sauƙi. A makonnin nan na ga bambanci ƙwarai tsakanin wannan saba da waccan. Amma na yarda cewa wannan dace ne na wani lokaci da wani layi, ba abin da za a gina biyan kuɗin shekara a kansa ba. Shawarata ita ce Ɗan Kurna ya gwada da kansa: wasa uku ba tare da VPN ba, wasa uku da ita, a sa'a ɗaya, na kwana uku, yana rubuta lambobin. Ya kuma tabbata manhajar tana kan tsarin VPN da ake kira WireGuard ko wani mai amfani da UDP, hanyar aika saƙo da ba ta jiran wanda ya ɓace, domin idan tana kan ɗaya hanyar, wato TCP, duk saƙon da ya ɓace sai an tsaya an sake aiko shi, sauran kuma suna jira a bayansa, abin da ke sa hoto ya daskare.

Mai Shagon Gem ya rubuta:

Ina da PlayStation huɗu a shagona, kuma abin da ya gyara mini wasan ƙwallo ta intanet ba VPN ba ne. Na cire na'urorin daga Wi-Fi na haɗa su da rauta, na'urar da ke raba intanet a shagon, ta waya kai tsaye, na mayar da rautar kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi, na kuma hana yara sauke bidiyo a kan layin idan ana gasa. Wanda ke wasa a waya kuma yana da rauta, ya koma zangon Wi-Fi na 5GHz maimakon na 2.4GHz idan yana kusa da ita, ya kashe sabunta manhajoji da ajiye hotuna ta atomatik kafin ya fara.

Akwai gargaɗi biyu da nake ganin wajibi ne a faɗa. Na farko, VPN ta kyauta tana tara dubban mutane a kan saba guda, kuma duk abin da ka aika ta hannun masu ita yake bi, alhali ba ka san su ba, ba ka kuma san da me suke biyan kuɗin sabar ba. Wayar da ke ɗauke da manhajar bankinka ba wurin irin wannan gwaji ba ce. Na biyu, wasu kamfanoni suna ɗaukar ɓoye ƙasa a matsayin saɓa ƙa'ida. Yarjejeniyar Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, alal misali, ta hana ɓoye inda mutum yake da zama domin sayen wasa da farashin wata ƙasa, kuma hukuncin na iya kaiwa ga rufe asusu. Wanda ya shekara biyu yana tara matsayi da kayan wasa ya kamata ya karanta ƙa'idar wasansa tukuna. Inda na yarda tana da amfani sosai shi ne ga masu gasa ko masu watsa wasansu kai tsaye, domin tana ɓoye adireshin intanet ɗinsu daga masu turo ambaliyar saƙonni da gangan don su katse su daga wasa.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar yayana na Maraɗi na yi gwajin kwana uku, da ƙarfe tara na dare da kuma bayan sallar asuba. Da asuba ba tare da VPN ba lambar ta tsaya tsakanin 135 da 145, da VPN mai saba a Jamus kuma ta haura 160. Da dare duka biyun sun yi ta tsalle iri ɗaya, kamar yadda Malam Injiniya ya bayyana. Abin da ya ba ni sauƙi shi ne layin wani kamfani daban da na aro a wurin ƙanwata, wanda ga alama turkensa bai cika cunkoso a unguwarmu ba, domin da shi lambar ba ta wuce 170 ba ko da daddare. Kuɗin da na ware wa VPN zan sayi layin da data da su, kuma mun yi shawara da abokaina mu mayar da wasannin neman matsayi zuwa safiyar Asabar da Lahadi. Malam Injiniya, idan ka samu sarari ina son sanin ko 5G za ta rage tsallen nan na dare, domin an ce ta iso wasu unguwannin Kano.