Abin da aka tattauna kan ƙumba da gubar radiyeshon

Ga taƙaitaccen abin da aka tsayar a majalisar masunta ta bakin dam ɗin Tiga, don waɗanda ba su samu zuwa ba.

Malamin kimiyyan da ya zo ya ce ita ƙumba aikinta kenan tace ruwa dare da rana tana kwance a laka, to duk abin da ke cikin ruwan a jikinta yake taruwa kaɗan kaɗan, kuma ba ta tashi ta bar wurin kamar kifi. Sinadarin radiyam mai fitar da radiyeshon (wato wani irin haske mai cutarwa da ido ba ya gani) da sitirontiyam jikinta na ɗaukarsu tamkar kalsiyam ne, wato sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawo, sai ta gina su cikin ɓawonta. A kogin Allegheny na Amurka an samu radiyam a jikin ƙumba ƙasa da inda ake sakin ruwan haƙar mai da gas, shi kuwa nau'in radiyam da ake kira radiyam-226 sai shekara 1,600 kafin rabinsa ya ragu, ka ji fa.

Shawarar da aka fi nanatawa, kar a kwashi ƙumba a ruwan da ke gangarowa daga wurin haƙar kuza irin na Riruwai, don duwatsun can akwai yuraniyam da toriyam, su ma sinadarai ne masu fitar da radiyeshon. Masu daka ɓawon a zuba wa kaji a dusa, ku ne abin ya fi shafa gaskiya. Wani dattijo ya ce ai wuta na kashe komai, aka ce a'a Baba, tafasawa ko ƙonawa ba ta taɓa wannan gubar, ba ta da wari ba ta da ɗanɗano.

In ana zargin wani ruwa, sai awo da na'ura, hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya da radiyeshon a Najeriya ce ke kula da wannan.