Biki a tsohon gidan turawa cikin Disamba, rana na faɗuwa huɗu saura kwata: ina zan samo haske?

Ɗan Gwale:

Assalamu alaikum. Na karɓi wani aiki da baki, tun jiya barci ya ƙi zuwa, shi ne na ce bari in kawo kuka gidan manya.

Shekarata huɗu a Leeds. Karatu ya kawo ni, hoto kuwa tun a Kano nake yi, na fara da riƙe wa maigidana jaka da fitila a wuraren dina. A nan dai suna da walima da taron Sallah na 'yan gida nake ɗauka, duk a ɗakin taro mai farin silin, inda ka ɗaga filasha sama haske ya zubo maka kamar ruwa. To yanzu wata antina ta haɗa ni da ƙawarta da za ta aurar da 'ya. Za a ɗaura aure ranar Juma'a a masallaci a Bradford. Kashegari, Asabar ta biyu a Disamba, za a yi rajista ƙarfe 3 da dina ƙarfe 6 a wani tsohon gidan attajiran turawa da ke can karkara bayan Harrogate. Mutum 120 aka gayyata.

Na je na gano wurin ranar Lahadi. Daga waje kam sai ka rantse fadar sarki ce, ginin dutse, doguwar hanya mai tsakuwa, bishiyoyi duk sun zubar da ganye. Ina shiga ciki gabana ya faɗi. Bangon zauren duk katako ne baƙi wuluk, silin ɗin ya yi tsayin bene biyu, fitilun da ke rataye kuma ja-ja ne kamar aci-bal-bal. Na gwada filasha a sama, babu abin da ya dawo. Na gwada a bango, fuskar matar da ke zagayawa da ni ta koma kalar manja. Da na duba waya, ranar bikin rana za ta faɗi wajen 3:45. Ke nan ana fitowa daga rajista magariba ta kusa. A Kano ƙarfe biyar da rabi ma kana da hasken da za ka tsayar da amarya a jikin mota.

Kayana: kyamara Canon R6 guda ɗaya, gilashin 24-105 mai f/4 (lambar buɗewar gilashi, ƙarama ta fi shigar da haske), da 50mm f/1.8, da filasha Godox V1 ɗaya. Amarya baƙa ce kyakkyawa, za ta sa farin leshi mai duwatsu, ango farar shadda. Ku taimaka, me zan yi hayarsa, kuma yaushe zan ɗauki hoton su biyu a waje? Uwar amarya ta ce hoton gaban gidan nan shi ne abin da ta biya kuɗin wurin dominsa.

Baba Mai Hoto:

Wa alaikumus salam ɗana. Kana ta lissafin kaya, ni kuwa agogo nake kallo. Ka sani ma tsakiyar Disamba, wajen 12 ko 13 ga wata, shi ne lokacin da rana ta fi saurin faɗuwa a ƙasar nan, tun kafin a kai ga rana mafi gajarta ta 21. Kuma wannan 3:45 ɗin lissafin sararin sama garau ne. In hadari ya rufe, wanda shi ne ya fi yawa a Yorkshire, tun biyu da rabi haske ya fara mutuwa.

Amma kana da wata dama da masu hoton turawa ba su da ita. Su a al'adarsu ango ba ya ganin amarya sai ta shigo zaure, shi ya sa bikin hunturu ke ba su wahala. Naka an ɗaura tun Juma'a, mata da miji ne. Ka ɗauke su kafin rajista. Ƙarfe ɗaya da rabi su kasance a gaban gidan nan cikin shiri, ka yi minti talatin da su, ka yi minti ashirin da iyaye da dangi na kusa, biyu da rabi kowa ya shige ciki ya yi la'asar ya ɗumama jiki. Jami'in rajista ma yakan so ya gana da ango da amarya kafin a fara, don ya tabbatar da sunaye a takarda, saboda haka dole a sake su da wuri. Ka tambaye shi tun kafin a zauna ko ya yarda da filasha, da inda zai bari ka tsaya. Wasu na yarda, wasu a'a, kada ka yi gardama. Tun Mayun 2021 an daina babban littafin nan na rajistar aure, takarda ɗaya ake sa wa hannu, ba ta ɗaukar lokaci, in ka tsaya canza gilashi ta wuce ka.

Sannan kada ka ɗauka faɗuwar rana ita ce ƙarshe. Minti ashirin zuwa talatin bayanta sama kan yi shuɗi mai zurfi, tagogin gidan kuma duk sun kama da haske. Hoton da Hajiya uwar amarya ke so ke nan, ita ce ba ta sani ba. Ana sallame magariba ka janye su biyu, minti biyar kacal. Ka auna hasken a kan sama da tagogi tukuna, wajen ISO 1600 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), f/2.8, ƙiftawa 1/60, sannan ka ƙara filasha cikin lema daga gefe. In akwai yayyafi ko hazo, ka ajiye filasha ta biyu a bayansu, za ka ga abin mamaki. Ka shirya komai da wani yaro a matsayin ango kafin ka fito da su.

Haya: kyamara ta biyu dole, ba a zuwa aure da guda ɗaya. Sai 35mm f/1.4 da filasha Godox AD200 da sandan kafa fitila biyu. Wannan f/4 ɗin ka bar shi don hoton dangi.

Maman Biyu:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ƙarfe ɗaya da rabi fa? Ni kwalliya nake yi a Manchester, na san abin da nake faɗa. In ana son amarya ta fito ɗaya da rabi, sai ta zauna a kujerata goma na safe. Fuska awa biyu, ɗauri minti arba'in in bai yi gardama ba, sannan a shiga riga. Ga uwar amarya, ga ƙawaye shida kowacce na son a taɓa mata. Ƙanena, ka nemi lambar mai kwalliyar yau ɗin nan ku yi magana, ita ke riƙe da agogonka. Ka faɗa mata ƙarfe ɗaya, kada ka ce da rabi.

Wani abu kuma, ba kowace gwaggo ce za ta yarda a fito da amarya ita da ango tun ba a kai ta ba, ko da an ɗaura. Kada ka yanke da amarya kawai. Ka bi ta wajen antin taka ta shawo kan uwar, ita kuma ta san yadda za ta yi da 'yan uwanta.

Don Allah kuma ka tausaya wa yarinyar nan. Leshi ba ya tare sanyi ko kaɗan. Na taɓa ganin amarya hawaye na zuba saboda iska, gashin idon da na manna ya ɗago, mai hoto yana ta cewa a ƙara ɗaya. In suna da alkyabba a sa mata, ta fi kowace rigar sanyi kyau a gaban ginin dutse. Takalmi mai tsini kuma nutsewa yake a ciyawa, ta taka wani mara tudu, riga za ta rufe. Kuma kada ka haske min fuska da filasha kai tsaye, hodar ƙarƙashin ido sai ta fito fari fat kamar an shafa toka, a ce mai kwalliya ce ba ta iya ba.

Bazazzage:

A zauren katako ka manta da silin. Ka kafa fitila biyu a kusurwa, ka ɗaga su sama da kai, ka manna musu ledar nan ruwan lemo da ake kira CTO don haskensu ya yi daidai da na ɗakin, ka sa ma'aunin launi wajen 3200K. In ba haka ba fuska fara, bango ja, kuma ba ya gyaruwa a kwamfuta. R6 na ɗaukar ISO 6400 lafiya lau, ɗan yashi-yashi ya fi hoto mai rawa. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka auna a fuskar amarya, ka riƙa leƙa ko leshin ya ƙone. Shadda mai maiƙo madubi ce, haske ya zo mata daga gefe.

In fitilun LED ne kada ka yi amfani da ƙiftawa mara sauti, za ka ga zane-zane a hoto. Wutar nan 50Hz ce irin ta gida, ka tsaya a 1/100.

Abin da ya taɓa cina shi ne raɓa. Na shigo daga sanyi zuwa ɗaki mai murhu, gilashi ya yi gumi ciki da waje, ana shigowa da amarya ni ina goge-goge. Tunda za ka yi hayar ta biyu, ɗaya ta zauna ciki kada ta fita sam. Ta wajen ka sa ta a jaka ka zuge kafin ka shigo, ka bar ta ta huce. Batir a aljihun ciki.

Ɗan Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, wallahi ban taɓa kawo zancen an riga an ɗaura a raina ba, ina ta bin tsarin turawa ido rufe. Anti Maman Biyu, kin yi gaskiya, na kira antina, ta ce Hajiya ba matsala amma akwai wata yayar baban amarya da za ta zo daga Landan, sai an lallaba. Na ce ko a ce mata hoton dangi ne, ita ma tana ciki. Mai kwalliya ta ce za ta kwana a Harrogate, ta yi min alkawarin ƙarfe ɗaya, na dai ji ta yi dariya da ta faɗa.

Na kuma kira masu gidan. Sun ce sai na turo takardar inshora ta fam miliyan 5 kafin su bar ni in kafa sanda, kuma ba a manna komai a jikin katakon, ko salatif, saboda ginin na cikin waɗanda hukuma ke karewa. Kyandir na gaske ma sun hana, na batir za a jera. Sun yarda in koma ranar Laraba da yamma in gwada fitila, zan tafi da ƙanen abokina da farar shaddarsa ta Sallah. Na roƙe su ranar bikin su kunna duk fitilun ɗakunan sama da ƙarfe huɗu, matar ta ce sai ta tambayi manaja don wasu ɗakunan a kulle suke.

Saura liƙi. In aka fara rawa dije zai kashe fitilun zaure ya saki nasa masu juyawa, kore da shuɗi, mutane kuma su rufe amarya ruf. Malam Bazazzage, a nan in cire ledar CTO ɗin ne, ko in bar ta? Kuma sandunan nan biyu, ya kake yi yara ba sa ture maka su?