Yadda za a canza wa tsiro mai tulu tukunya ba tare da an karya saiwarsa ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsiron nan mai cin ƙwari da ake kira Nepenthes, mai tuluna a ƙarshen ganyensa, kuma gansakukar safagnum da yake ciki ta fara ruɓewa har ruwa ya daina wucewa. Da na leƙa ƙasan tukunyar sai na ga saiwoyin baƙaƙe ne, sirara kamar gashi. Shin sun mutu ne in yanke su, kuma wajibi ne in wanke su kafin dashe?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yanke komai, domin haka saiwar Nepenthes take ko da lafiyarta lau: baƙa ce, ba ta da yawa, kuma saurin karyewa gare ta. Wadda ta ruɓe ita ce wadda take narkewa a hannu tana wari. Ka jiƙa tukunyar sosai, sannan ka tsaga robar da almakashi maimakon ka ja tsiron ta kara, ka ɗauke shi da dunƙulen da ke riƙe da saiwar, ka cike gefe da sabuwar gansakuka haɗe da falayit (fararen tsakuwoyi marasa nauyi da ke barin ruwa da iska su wuce) ba tare da dannawa ba. Taki da ƙasar lambu kuwa ƙona saiwar suke yi.

Amsa ta biyu: Na yarda da ɗan uwa, sai dai tunda gansakukar ta riga ta ruɓe, barin ta a tsakiya zai ci gaba da shaƙe saiwar. Gara a tsoma dunƙulen cikin ruwan sama a girgiza a hankali, abin da ya saki ya tafi, wanda ya manne a bar shi. Ruwan ya zama mai ƙarancin ma'adinai, ƙasa da 50 a ma'aunin TDS, wato awon yawan ma'adinan da suka narke a ruwa.

Amsa ta uku: Ga masu Sarracenia, wani nau'in tsiro mai tulu na Arewacin Amurka, lamarin daban ne, domin tushenta mai kauri da ke kwance yana jure wanki har da rabawa, muddin an yi a ƙarshen hunturu kafin ta farka daga barcin lokacin sanyi. Ita tana son tukunya ta zauna cikin ruwa, Nepenthes kuwa ba ta so. Malam, in wasu tulunan sun bushe bayan dashe, ka ƙara danshin iska ka jira sabon ganye.